Goron da Bai Kai Roma Ba

A bayan keken ɗinkina akwai wata farar riga rataye cikin leda. Kusan duk wanda ya shigo shagon sai ya tambaye ni jallabiyar wane Alhaji ce aka manta. Ba jallabiya ba ce. Rigar limamin Katolika ce, ni na ɗinka ta da hannuna, kuma mai ita ya rasu. Na gaji da ba da amsa a tsaitsaye, shi ya sa na zauna in rubuta yadda aka yi.

Ni tela ne a Zongon Kwatano. Daga arewacin Najeriya na biyo wani kawuna mai sayar da yadi, da niyyar in ɗan taɓa sana'a in koma gida. Ga shi a nan haƙorana suka zube.

Mai rigar, mu 'yan Najeriya Fada muke ce masa, mutanen Nijar da na arewacin Benin kuma Mon Per. Ɗan arewacin ƙasar nan ne, ya tashi cikin fatake, don haka Hausa a bakinsa ba ta da gargada. Yana koyarwa a makarantar mishan da ke gefen unguwarmu, inda wasu 'ya'yan Zongo ke zuwa lakwal, wato boko. Ranar da na fara ganinsa ya shigo shagona da farin yadi a hammata, yana zufa.

"Tela, za ka iya ɗinka wa kafiri riga?"

Na ce, "Fada, ai na ɗinka wa waɗanda suka fi ka. Je ka kasuwar Ganhi ka ga masu rantsuwa a kan farashi, duk kayana ne a jikinsu."

Ya yi dariya har da buga benci. Daga ranar bencin nan ya zama nasa. Yakan zo bayan la'asar, mu sha shayi, ya tsokane ni da yawan faɗa, ni kuma in tsokane shi da rashin mata. Rigar ta ba ni wahala, don maɓallanta tun daga wuya har idon sawu, amma da ya sa ta sai da maƙwabta suka leƙo kallo.

Sai sojoji suka karɓi mulki, bayan ɗan lokaci kuma suka ce ƙasa ta hau tafarkin gurguzu. Juyin juya hali, in ji rediyo. Kowa ya zama kamarad. Tsoho mai furfura ya shiga biro, wato ofis, yaro sa'an jikansa ya ce masa kamarad, kuma dole ya amsa. Aka ƙwace makarantun mishan, Fada ya wayi gari malamin gwamnati a cikin ajin da yake koyarwa jiya. Aka kama wasu limaman coci. Manyan cocin suna magana, amma a hankali, suna auna kowace kalma.

Mu a Zongo tsoronmu ya fi na kowa. Baƙi ne mu, 'yan kasuwa ne mu, kuma a bakin masu juyin juya hali ɗan kasuwa shi ne mai shan jinin talaka. Yawancinmu ba mu da takardar zama, Faransancinmu kuma bai wuce na ciniki ba. Da aka ce kowace unguwa ta kafa komite, wato kwamitin juyi, dattawanmu suka duba gabas suka duba yamma, ba su ga wanda zai iya zama da waɗannan mutane ya fahimci abin da suke ƙullawa ba. Sai aka tuna da Fada. Ɗan ƙasa ne, malamin gwamnati ne, yana jin yarensu, yana jin namu. Sarkin Zongo da kansa ya tako har bencin shagona ya roƙe shi.

Fada ya karɓa. Kuma in faɗi gaskiya, ba don mu kaɗai ba ne. Akwai abin da ya burge shi a maganar juyin, zancen talaka da makarantar kowa da kowa. Yakan ce mini rabin abin da suke faɗa a littafinsa suka sato shi. Ni kuma in ce masa ɗaya rabin fa, a ina suka samo? Sai ya kurɓi shayi.

Ya tsare mu, wannan ba wanda zai musa. Abin da ba zan manta ba shi ne lokacin da gwamnati ta tashi farautar bokaye da mayu. Wasu samarin komite suka shiga zauren wani tsohon malami a bayan masallaci, suka ga alluna da tawada da layu, suka ce ga boka. Suka tasa shi gaba har kwamisariya, ofishin 'yan sanda, rawaninsa a hannu. Fada ya bi su da farar rigarsa. Ya ɗauki allon ya ce wa kwamishina wannan littafin Allah ne ake koya wa yara, idan tsafi ne to shi ma a rufe shi, don aikinsu ɗaya. Kafin magariba tsohon yana gida. Bayan wannan, ko kaya aka zo ƙwacewa a rumfa, ko wani aka tsare saboda takarda, Fada ake kira.

Wata rana ya zo ya zauna a benci bai tsokane ni ba. Na zuba masa shayi ya huce a hannunsa.

"Tela, an ce in zaɓa."

"Ka zaɓi me?"

"Ko kujerar komite, ko wannan." Ya kama gefen rigarsa.

Ya yi mini bayani. An yi sabon Paparoma, mutumin wata ƙasa da ta daɗe a hannun 'yan gurguzu, ya san su ciki da waje. Ya ce limamin coci ba ya riƙe muƙamin siyasa, a ko'ina a duniya. Umarnin ya iso wurin Bishop, wato shugaban limamansu na nan, Bishop kuma ya kira Fada ya gaya masa. Idan ya ƙi sauka, za a hana shi jan sallarsu, a hana shi sa rigar.

Raina ya ɓaci, amma ban tsorata ba, kuma a nan ne wautarmu take. A Zongo ba mu san maganar da ba ta gyaruwa ba. Limaminmu mu muka naɗa shi, muna ganinsa kullum, idan ya yi ba daidai ba mu gaya masa. Rigimar da ta fi ƙarfin gida a kai ta gaban Sarkin Zongo, wanda ƙofarsa ba ta da nisa da ta kowa. Wanda aka yi wa laifi kuwa, komai zafin zuciyarsa, idan dattawa suka ɗauki ƙwaryar goro suka je suka tuɓe takalma a ƙofarsa, magana ta ƙare. Da haka muke mayar da matar da ta yi yaji, da haka muke sasanta abokan ciniki da suka kai ga zage-zage. Ban taɓa ganin an dawo da goro ba.

Na kai labari. Nan da nan aka yanke shawarar zuwa wurin Bishop a ba da haƙuri. Da Fada ya ji, sai ga shi a zauren Sarki, hankali a tashe.

"Baba, don Allah kada ku je. Ku bar mini wannan."

Sarki ya yi murmushi. "Ka gama naka, Mon Per. Saura namu."

"Baba, ba kara nake yi ba. Zuwanku ba zai gyara ba."

Duk muka gyaɗa kai muna yaba hankalinsa. A wurinmu wanda za a je roƙo dominsa dole ya ce kada a wahala, haka tarbiyya ta ce, kuma ba wanda yake ɗaukar wannan da gaske. Mun zaci kunya ce. Mutumin yana gaya mana gaskiya tsirara, mu kuma muna cewa kai, Fada akwai kawaici.

Muka tafi da safe: Sarkin Zongo, da Liman, da wani Alhaji dillalin goro wanda ya zaɓo 'ya'yan da hannunsa, farare manya, ya jera su a ƙwarya ya rufe da ɗanyen ganye. Ni aka ɗauka tafinta, don Faransancina na aunin wuya da hannu ya ɗan fi nasu. Kowa ya sha babbar riga. A ƙofa muka tuɓe takalma, mai gadi yana ce mana ba sai mun cire ba, muka ƙi kula shi.

Bishop dattijo ne siriri, mai sanyin murya. Ya tarbe mu da mutunci, ya sa aka kawo ruwa. Alhaji ya ajiye ƙwaryar a gabansa ya buɗe ganyen. Sai Sarki ya fara, ni ina juyawa.

A al'adarmu, idan ka je roƙo domin mutum, girmansa kake faɗa. Kana nuna cewa ba ƙaramin mutum ba ne, don a ji nauyin taɓa shi. To haka Sarki ya yi. Ya ce Mon Per shi ne komite, komite shi ne Mon Per. Ya ce ba a yanke komai a unguwar sai da yardarsa. Liman ya ƙara da cewa ko kwamishina idan ya gan shi miƙewa yake, kuma manyan juyin juya hali sun san shi da suna. Alhaji ya ce da za a ba shi gari sukutum zai riƙe. Ni kuwa ina ta fassarawa, har da ƙarin gishiri, ina jin daɗin yadda Faransancin ke fita. Ban lura da wuri ba cewa fuskar Bishop tana sauyawa.

Da muka gama, Bishop ya dubi ƙwaryar. Sannan ya ce in gaya musu ya gode, kuma ya san ma'anar wannan goro, don a arewa ya yi ƙuruciyar aikinsa. Ya ce idan ya karɓa, ya yi mana alkawarin abin da ba ya hannunsa, wato ya yi mana ƙarya.

Sai ya faɗi abin da har yau yake sukar zuciyata. Ya ce ya jima yana jan lokaci a kan maganar. Da aka tambaye shi daga Roma, ya amsa da abin da ya zata, cewa Fada mai karanta wa jahilan unguwa takardu ne kawai a komite, ba mai mulki ba. "Yanzu ku da bakinku kun gaya mini shi ne komite. Ba zan iya sake faɗin waccan maganar ba, tunda na san ba haka ba ne."

Na juya wannan zuwa Hausa da ƙyar.

Alhaji bai karaya ba. Ya gyara zama ya ce, "Tambaye shi, shi wannan Paparoman ina gidansa? Mu fatake ne. Mun je Makka, mun je Kumasi. Ya ba mu yaro ya nuna mana ƙofa, mu kai masa goron da kanmu."

Bishop bai yi dariya ba, kuma na gode masa da wannan. Ya ce ko mun je, ba a kan Fada ɗaya aka yi dokar ba, balle a cire shi don mun roƙa. Ya ce a da can bishop yakan yanke irin wannan a garinsa. Amma duk lokacin da masu juyin mulki suka taso wa coci, a ƙasashen Turawa da nan, sai limamai su ƙara jingina da Roma, don ita ce soja ba ya iya aika wa mota a ɗauko ta. "Ina da limamai a kurkuku yanzu haka," in ji shi. "Idan gwamnati ta ce in sa a yi wa'azin juyi a coci, abin da nake cewa shi ne ba ni da iko, Roma ta hana. Da wannan nake tsare sauran. Ba zan fake da Roma ranar da ta yi mini daɗi, in yi watsi da ita ranar da ta yi mini ɗaci ba."

Muka fito. Alhaji ya rungumo ƙwaryarsa, an mayar da ganyen. Muka kamo hanyar Zongo. Mutane suna zaune a ƙofar masallaci suna jiran albishir, da suka hango ƙwaryar a hannunsa sai kowa ya sunkuyar da kai.

Fada bai ce mana ga abin da na gaya muku ba. Da ya faɗa da ya fi mini sauƙi. A daidai lokacin ana raɗe-raɗin za a yi samame a Zongo a kwashe marasa takarda a kai iyaka, kuma shi kaɗai ne a komite yake taka wa abin birki. Ya ƙi sauka. Aka dakatar da shi.

Ya zo shago da riga da wando irin na malaman lakwal, na kusa kasa gane shi. Farar rigar tana naɗe a hannunsa.

"Tela, ajiye mini wannan."

Ni da bakina da ba ya jin birki na ce yadin mai kyau ne, in yana so in fitar masa da taguwa biyu. Kallon da ya yi mini ya sa na ji kamar in nutse a ƙasa. Na karɓa da hannu biyu na rataye ta.

Samamen bai zo ba a wannan karon. Amma juyin juya halin bai riƙe masa amana ba. Ba a daɗe ba aka yi wa komite garambawul, aka ce shi ɗan leƙen asirin coci ne, aka tsare shi na wani lokaci. Ya fito a rame, yana tari. Kujerar da ya ba da rigarsa dominta, wani yaro mai baƙin tabarau ne a kai.

Na ce to, tunda babu kujera, sai ya koma a mayar masa da rigarsa. Ya ce ya je wurin Bishop. Maganar ta riga ta wuce Kwatano, kuma sharaɗin shi ne ya furta cewa ya yi nadama.

"To ka furta mana! Kalma ce fa."

"Na gaya musu na saɓa umarni, kuma laifi ne. Amma idan na ce na yi nadama, tela, ƙarya na yi. Ka tuna tsohon nan da rawaninsa a hannu? In ce na yi nadamar me?"

Haka ya zauna. Ya kama ɗaki a unguwar Gbegame kusa da ƙanwarsa mai sayar da kifi a kasuwar unguwar. Yana koya wa 'ya'yanmu da ƙananan 'yan kasuwa Faransanci a wani zaure. Bai yi aure ba, ko da yake na sha tsokanarsa cewa yanzu ba shi da hujja. Kullum da safe yana coci, a bencin ƙarshe, yana kallon yaran da ya koyar suna jan sallar da aka hana shi.

Da mulkin ya ruguje, aka tara manyan ƙasa su tsara sabuwar tafiya, wa aka ɗora a kujerar shugabancin taron? Wani bishop. Gari ya ɗauka, coci ta ceci ƙasa. Ina jin haka a rediyo na ajiye almakashi. Da Fada ya zo na tare shi tun daga ƙofa.

"Kai ƙaramar kujerar unguwa ka hau aka tuɓe ka. Wannan ya hau wadda ta fi kowace, ana yi masa tafi. Ina adalcin?"

"Shi ya nemi izini, aka ba shi. Ni ban nema ba."

"Izini, izini! Daga Paparoman da bai san hanyar Zongo ba?"

Ya ce, "Dokar daidai ce, tela. Na zauna a komite, na ga abin da kujera take yi wa mutum. Akwai takardun da na sa wa hannu don in samu bakin ceton naku, waɗanda ba na son tunawa. Shi Paparoma abin da ya hango ke nan."

"To me ya sa ka ƙi bi?"

"Don ku ne a gabana, shi kuma yana nesa."

Wannan amsa ba ta kwantar mini da hankali ba, ta ƙara dagula shi. Na fi son ya zagi wani, in taya shi. Ko lokacin da Paparoma ya zo Kwatano, ni cewa na yi ba inda za ni. Shi kuwa ya roƙe ni in raka shi don ƙafarsa ta fara ciwo. Muka tsaya a bakin titi wajen unguwar Agontinkon cikin rana da turereniya. Motar ta wuce da sauri, farin abu kawai na gani ta gilashi. Da na waiwaya, Fada yana durƙushe a kan tsakuwa, hawaye na zuba. Na ɗago shi ina huci, ban san ko da wa nake fushi ba.

Rigar kuwa, lokaci-lokaci nakan sauke ta in wanke in goge, don iskar teku tana sa farin yadi ya yi ɗigo-ɗigo. Idan ya zo yakan ɗaga kai ya dube ta, sannan ya zauna ya juya mata baya. Bai taɓa cewa in miƙo masa ba.

Da aka aiko cewa ya rasu, abin da ya fara zuwa raina ita ce. Na ce a ƙalla yau zai sa kayansa. Na wanke, na sa sitaci, na ƙara ɗaure maɓallan da suka yi sako-sako. Na hau zem, babur ɗin haya, zuwa Gbegame, rigar a kan cinyata. Gidan cike da mutane, 'yan coci a ciki, 'yan Zongo a tsaye a waje don ba su san inda za su zauna ba. Na sami ƙanwarsa, ita ma ta tsufa, na miƙa mata.

"Tanti, ga rigarsa. A sa masa."

Ta buɗe ledar, ta shafa wuyan rigar, ta fashe da kuka. Sannan ta mayar mini.

"Baba tela, ya san za ka kawo. Ya ce in gaya maka ya gode, amma kada a sa masa. Ya ce ba a ba shi izini ba."

Na tsaya riƙe da ita kamar wawa. Na so in yi faɗa, amma wanda zan yi da shi yana kwance a ɗaki. Da riga da wando na malaman lakwal aka binne shi.

Mu muka je har benci muka roƙe shi ya hau kujerar nan, mu kuma muka je muka yabe shi har muka rufe masa ƙofar da ta rage. Yaran Zongo na yanzu, waɗanda kakanninsu suka kwana a gidajensu saboda shi, ba su ma san an yi shi ba. Wannan yana ci mini rai ƙwarai.

Na dawo Zongo da rigar kamar yadda muka dawo da ƙwaryar nan. Goron dai a ranar aka rarraba shi a ƙofar masallaci aka cinye. Ita kuwa ya ce in ajiye masa, kuma bai zo ya karɓa ba.